Jaririn da ke farkawa cikin dare ba maganin barci yake nema ba

Da wuya ranar rigakafi ta wuce ba a samu mai jego ta ce, "Malama, yaron nan ya mai da dare rana, ko akwai abin da zan ba shi?" Galibi lafiyarsa ƙalau, kuma abin da za a ba shi nono ne.

Cikin jariri ɗan ƙarami ne, nono kuma ba ya jimawa ya narke. Shi ya sa a makonnin farko yake neman mama sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Barci kam yana yi, awa 14 zuwa 17, sai dai a gutsuttsure. Sai wajen wata 2 zuwa 3 jikinsa ke fara rarrabe dare da rana. Idan yana fitsari sau 6 ko fiye a yini, nauyinsa na hawa a katin awo, to yana ƙoshi, kada surutun mutane ya sa ki ɗauka nononki bai isa ba. Tsotson daren ma yana ƙara kawo ruwan nono.

Inda hankalinmu ke tashi shi ne abin da gajiya ke sa iyaye yi. Sai a aika kemis a sayo Piriton, ko maganin tari, ko na haƙori, a ɗura wa yaro don ya yi shiru. Wasu daga cikin magungunan nan suna danne numfashin jariri, kuma yaron da aka bugar da magani ba zai tashi ya sha nono ba. Mu a jihar Kaduna bai kamata mu manta da 2008 ba, lokacin da gurɓataccen maganin haƙori na My Pikin ya lalata ƙodar yara. Hukuma ta ƙirga mutuwar 84 a ƙasar nan, har da na Kaduna. Haka jiƙe-jiƙe da bauri, babu mai iya faɗa miki adadin abin da ke ciki. Ba a ba da zuma sai ya shekara, ruwa da koko kuma sai ya cika wata 6, ko da kaka ce ta ce yunwa ke tashe shi.

A duba ɗakin kuma. A zafin Maris da Afrilu, ga shi an ɗauke wuta, sai ka ga jariri cikin hula da safa da tawul yana ta tsala ihu. Rage masa kaya. Da hunturu kuma kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, iskarsa na kisa ba tare da an ji warin komai ba. A kwantar da shi rigingine, babu filo, cikin gidan sauro mai magani. Da rana a buɗe labule, da dare a rage haske da wasa.

Maigida, wannan naka ne. Komawa falo saboda "gobe akwai aiki" ba dabara ba ce, ita ma goben aiki ke jiran ta. Idan ta shayar, karɓe shi ka sa shi gyatsa ka jijjiga shi a hankali, ta samu ko awa biyu a jere. Bayan arba'in masu taya jego ke watsewa, alhali lokacin ne kukan jarirai ya fi tsananta. Uwar da ke yawan kuka, ko ta ji komai ya fita daga ranta, ta faɗa mana, ana samun taimako. Duk wanda ya ji ransa ya ɓaci, ya ajiye yaron a shimfiɗa ya fita ya sha iska. Girgiza jariri da ƙarfi na lahanta ƙwaƙwalwa.

Akwai farkawar da ba a jiran safiya a kanta: zazzaɓi ga ɗan ƙasa da wata 3, ƙin kama nono, numfashi da sauri ko ƙirji na lotsawa, amai duk abin da ya sha, jijjiga irin ta farfaɗiya, ko jiki ya saki ana tashinsa da ƙyar. A nufi asibiti mafi kusa a daren, ko Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, ko Barau Dikko, a tafi da katin awonsa.