Masu tafiya hutu waje, ga amsoshinku, ku bar ni in huta

Shekara da shekaru ina yanka wa mutane tikitin jirgi a nan PZ, Zariya, kuma duk sanda hutu ya matso tambayoyin nan dai su ne. Kowa ya karanta, bakina ya gaji.

Fasfona saura wata huɗu ya ƙare, zai yi?

Ba zai yi ba. Ƙasashe da yawa sai da sauran wata 6 a jikinsa. Je ka sabunta: mai shafi 32 na shekara 5 ne, mai shafi 64 na shekara 10.

In sayi tikiti kafin biza ta fito?

Kuɗinka ne. Amma in aka hana ka biza, kada ka zo kana yi mini kuka a shago.

Gana zan je, sai da biza?

A'a, Hajiya, kwantar da hankalinki. Ƙasar ECOWAS ce, kina iya zama har kwana 90. Katin rigakafin cutar shawara ne za su tambaya. Allurar sai ta kwana 10 a jiki katin ke fara aiki, kuma tun 2016 sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Masu sayen kati ba tare da an soka musu allura ba, kanku kuke cuta.

Jirgina ƙarfe 2 na rana a Kano, in taso daga Zariya da hantsi?

Kai da ka san motar Kwangila ba ta tashi sai ta cika? Ana so ka isa filin jirgi saura awa 3. Ka kwana a Kano, ba ka rasa ɗan'uwa a can ba.

Maƙwabcinmu ya ba ni saƙo in kai wa ɗansa da ke karatu a Alƙahira. In karɓa?

To, nan fa ake yin ta. Ba zan ce ka ƙi ba, domin mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci ba a ce masa a'a kai tsaye, kuma galibi ba komai ba ne illa yaji, kuka, daddawa da 'yan kaftani biyu. Amma ka sani, duk abin da aka samu a jakarka naka ne. Jami'in kwastan bai san wani Alhaji maƙwabci ba. Ni dai abin da nake yi, a kawo saƙon gida kwana biyu kafin tafiya, in kwance shi a gaban mai shi, in ce nauyi nake dubawa, in sake ɗaurewa da hannuna. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. In ya ji, wataƙila halinsa ne kawai, wataƙila kuma ka gode wa Allah. Inda nake taurin kai shi ne magani. Tramadol da kodin sun jefa mutane kurkuku a Masar da Dubai, ko da an ce na ciwon bayan tsohuwa ne. Maganinka na kanka ma ka bar shi a kwalinsa, haɗe da takardar likita. Garin maganin gargajiya a ƙullin leda kuwa, zai iya wucewa lafiya, zai iya sa a tsare ka awanni ana gwaji. Ni ba na ɗauka. Saƙon da aka miƙo maka a ƙofar filin jirgi, wannan babu shawara a ciki, ko wane ne ya miƙo. Kuma ka ƙirga 'yan takardun jaka da aka manna maka a tikiti. A 2019 sai da gwamnati ta sa baki aka sako wata ɗaliba a Saudiyya, bayan watanni a tsare, saboda jakar ƙwaya da aka maƙala wa sunanta tun daga nan gida.

Kilishi fa?

Ingila, Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin nama ya shiga. Goro kuma Saudiyya ta hana. Ku cinye a gida.

Me ya sa aka ƙwace mini turare?

Domin kin sa shi a jakar hannu, kwalbar kuma ta wuce mililita 100. Shi babbar jaka yake shiga. Batirin cajin waya ne ke zama a hannu. Sau nawa zan faɗa?

Dala nawa zan iya riƙewa?

In ta haura 10,000 ka bayyana wa kwastan. In ba ta kai ba, raba ta gida biyu, kada duka su kwana a aljihu ɗaya da fasfo.