Ƙyanƙyasar ƙwai a gida da ƙaramin inji: tambayoyi da amsoshi

Ƙananan injinan ƙyanƙyasa, waɗanda ake kira inkubeta, sun shigo gidaje da yawa, daga mai cin ƙwai 12 zuwa mai cin 56 ko sama da 100. Mutum yakan saya da murna, ya zuba ƙwai, bayan mako 3 kuma ya tarar da 'yan tsaki biyu ko uku a tsakiyar baragurbi, sai ya ɗora wa injin laifi. Waɗannan su ne tambayoyin da masu fara wannan sana'a suka fi yi.

Tun da an ce injin mai sarrafa kansa ne, me ya rage wa mai shi?

Abu uku injin yake yi: yana riƙe zafi a inda aka saita shi, fankar cikinsa tana rarraba zafin, kuma yana juya ƙwai da kansa bayan kowace awa ɗaya ko biyu. Ba ya zaɓen ƙwai, ba ya samar wa kansa wuta, yawancin ƙananan ba sa zuba wa kansu ruwa, kuma babu wanda yake iya sanyaya cikinsa idan ɗakin da aka ajiye shi ya fi ƙarfinsa zafi. Kazar da take kwanci tana yin duk waɗannan ba tare da an koya mata ba, har takan tashi ta tsaya a kan ƙwan idan rana ta ƙwalle. Wanda ya ɗauke wa kaza wannan aiki, to shi ne ya zama uwar.

Zan iya sayen kiret ɗin ƙwai a kasuwa in zuba?

A'a. Ƙwan kiret na kajin gidan gona ne da ake tsarewa ba tare da zakara ba, saboda haka babu rai a cikinsa, ko da zai shekara a inji. Ana bukatar ƙwan kajin da suke tare da lafiyayyen zakara, zakara ɗaya ga kaji 8 zuwa 10.

A kan zaɓen ƙwai ya kamata a fi tsayawa, domin a ganina rabin asarar da ake yi tun kafin a kunna inji take faruwa. A ɗauki ƙwai matsakaici mai siffar da aka saba gani, a bar wanda ya cika girma, domin sau da yawa gwaiduwa biyu ce a ciki, a bar mai tsaga ko mai laushin ɓawo, a kuma bar wanda kashi ya ɓata. Kada a wanke ƙwan da za a ƙyanƙyashe. Ɓawo yana da dubban ƙananan ƙofofi da ɗan tsako yake shaƙar iska ta cikinsu, akwai kuma wani siririn rufi da kaza take shafe shi da shi lokacin da ta saka ƙwan, wanda yake tare ƙwayoyin cuta. Ruwa yana wanke wannan rufi, idan kuma mai sanyi ne yana ma jawo dattin zuwa ciki. Idan dattin kaɗan ne, a kankare shi da busasshen ƙyalle.

Sai maganar kwanaki. Ƙwan da bai wuce kwana 7 da sakawa ba shi ne ya fi, bayan haka ƙyanƙyasa tana raguwa kullum. Littattafai suna cewa a ajiye shi a wuri mai sanyin digiri 13 zuwa 18, abin da ba kowane gida a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram zai samu ba a watan Afrilu. Idan zafin wuri ya haura digiri 25, ɗan tayin da ke cikin ƙwan yakan fara girma a gurguje, ya raunana, ya mutu tun bai ga inji ba. Don haka a lokacin bazara a tattara ƙwai sau biyu ko uku a yini, a jera shi a kiret tsinin yana kallon ƙasa, a ajiye a gindin randa ko a ɗakin ƙasa mai sanyi, kuma kada a bari ya wuce kwana 4 ko 5. Firji kuwa sanyinsa ya yi yawa. Ƙwan da ya sha girgiza a mota ko a babur, a bar shi ya huta yini guda kafin a zuba.

Nawa ne zafin da ya dace?

Digiri 37.5 zuwa 37.8 a inji mai fanka. Tazarar ƙarama ce ƙwarai, kuma lambar da take fitowa a fuskar ƙananan injina ba koyaushe take faɗin gaskiya ba. Kafin a zuba ƙwai a kunna injin babu komai a ciki na awa 24, a sa ma'aunin zafin jiki irin na kemis daidai tsayin da ƙwai zai zauna, a kwatanta. Idan an ga bambancin rabin digiri, a gyara saitin, domin rabin digiri na tsawon kwana 21 ba ƙaramin abu ba ne.

Zafi ya fi sanyi kisa. Ƙwai yana jure 'yan awoyi na sanyi, amma idan ya kai digiri 40 zuwa 41 ya daɗe a haka, an yi asara. Wannan ya sa wurin ajiye inji yake da muhimmanci a ƙasarmu: ɗakin kwano marar silin yana iya wuce digiri 40 da tsakar rana a bazara, kuma a lokacin ko injin ya kashe hitarsa, cikinsa zai bi zafin ɗakin ne. A nemi ɗaki mafi sanyi a gida, nesa da taga da hasken rana da hayaƙin janareta. Wanda ba shi da irin wannan ɗaki, gara ya jira damina ta sauka.

Me ya kawo ruwa cikin maganar?

Ƙwai yana tsotsewa a hankali ta ƙofofin ɓawonsa, kuma ana so ya rasa kimanin kashi 12 cikin 100 na nauyinsa zuwa rana ta 18. Wannan tsotsewa ce take faɗaɗa gurbin iskar da ke ɓangaren ƙwai mai faɗi, inda ɗan tsako yake fara cusa bakinsa ya yi numfashi kafin ya fasa ɓawo. Ruwan da ake zuba wa inji shi ne yake kawo laima, wato danshin iskar cikinsa. Idan laima ta yi yawa gurbin ba ya faɗaɗa, sai tsakon ya shaƙe a ciki. Idan ta yi kaɗan, tantanin ciki ya bushe ya manne masa a jiki. Ana riƙe laima a kashi 50 zuwa 55 cikin 100 a kwana 18 na farko, sannan a ɗaga ta zuwa 65 ko 70 a kwana 3 na ƙarshe.

Yanayinmu iri biyu ne masu hannun riga. A hunturu iska takan bushe ƙamas, ruwan injin yana ƙafewa da sauri, sai an duba safe da yamma, wani lokaci har a ƙara soso ko jiƙaƙƙen ƙyalle. A watan Agusta kuwa iskar ɗaki kanta tana ɗauke da laima, rami ɗaya na ruwa ya isa, wani lokaci ma ba a bukatar komai a makon farko. Faɗin fuskar ruwan ne yake ƙara laima, ba zurfinsa ba, kuma ruwa mai ɗumi ake zubawa. Kada a toshe ƙofofin iska na injin don a tara laima, domin bukatar iskar ɗan tsako ƙaruwa take yi yayin da yake girma.

Idan aka ɗauke wuta fa?

Kada ma a zuba ƙwai sai an amsa wannan tambaya. Wanda zai sayi inji ya nemi wanda yake da hanyar wuta biyu, ta Nepa da ta batir mai bolt 12, kuma ya duba yawan wutar da yake ci. Lissafin mai sauƙi ne: batir mai 100Ah yana ɗauke da kimanin wat 1,200 na awa guda, rabinsa ake so a ja idan ana son batirin ya yi ƙarko, saboda haka injin da yake cin wat 60 zai yi kusan awa 10 a kansa, ko fiye, tun da hita ba ta ci gaba da ci bayan zafi ya kai. Idan aka haɗa da farantin sola da zai cika batirin da rana, an huta da fargaba.

Idan duk da haka wuta ta yanke, kada a buɗe murfin. A lulluɓe injin da bargo a bar ƙofofin iska a sarari, a cire bargon da zarar wuta ta dawo. Yankewar awa 3 ko 4 ba ta cika kashe ƙwai ba, sai dai ta jinkirta ƙyanƙyasa, don haka kada a zubar da ƙwan sai an haska an gani.

Yaya ake gane ƙwan da yake da rai?

A rana ta 7, cikin duhu, a ɗora ɓangaren ƙwai mai faɗi a bakin tocila mai ƙarfi. Mai rai zai nuna ɗigo baƙi da jijiyoyi ja sun bazu daga gare shi kamar saƙar gizo-gizo. Wanda haske ya ratsa fes, zakara bai taka uwarsa ba. Wanda aka ga jan zobe ya kewaye cikinsa, ya fara rai ya mutu. A fitar da waɗannan biyun, domin ruɓaɓɓen ƙwai yakan fashe ya gurɓata sauran. A sake dubawa a rana ta 14 da ta 18, lokacin da ƙwan kirki zai yi duhu gaba ɗaya in ban da gurbin iska. Ƙwan zabo yana da kaurin ɓawo, ya fi kyau a jira rana ta 10.

Kwana nawa ake jira, kuma za a iya haɗa ƙwai iri-iri?

Kaza kwana 21, salwa 17 zuwa 18, zabo 26 zuwa 28, talotalo 28. Agwagwar Turawa 28 ce, amma agwagwarmu ta gida mai jan fuska sai ta yi kwana 35. Kowanne ana daina juya shi, a kuma ƙara masa laima, kwana 3 kafin ranarsa, shi ya sa zuba su rana ɗaya yake kawo rikici. Mai son haɗa zabo da kaza sai ya fara zuba na zabo, bayan kwana 6 ko 7 ya ƙara na kaza, domin su zo ƙarshe tare. A nan ne ma nake ganin injin ya fi amfani ga manomi: zabuwa tana zuba ƙwai da yawa da damina amma ba ta iya reno ba, kazar da ake ba ta riƙo kuma ba ta rufe fiye da 12 zuwa 15, alhali inji zai ɗauki na mako guda gaba ɗaya.

Me ake yi a kwanakin ƙarshe? Ana taimaka wa tsakon da ya kasa fitowa?

A rana ta 18 a cire abin juyawa, a kwantar da ƙwai a kan ragar ƙasa, a shimfiɗa ƙyalle marar santsi domin kada ƙafafun 'yan tsaki su wargaje, a cika ramukan ruwa, a rufe. Daga nan sai kallo ta murfi. Tsakanin lokacin da ɗan tsako ya huda ɓawo da fitowarsa akan ɗauki awa 12 zuwa 24, kuma ba zaman banza yake yi ba: yana janye ragowar gwaiduwa zuwa cikinsa ta cibiya, jijiyoyin jinin tantanin kuma suna ƙafewa. Mai gaggawar ɓare masa ɓawo yakan tsinka jijiya, jini ya zuba, tsakon ya mutu a hannunsa. Kowace buɗewa kuma tana fitar da laimar da sauran suke bukata. Na san yadda kukan tsako daga cikin ƙwai yake taɓa zuciya, musamman ga yara, amma haƙuri a nan shi ne tausayi. Sai idan awa 24 ta wuce da hudawa, tantanin ya bushe ya yi ruwan ƙasa, babu alamar jini, sannan a jiƙa shi da ruwan ɗumi a ɓare kaɗan-kaɗan, a tsaya nan take idan jini ya nuna.

Waɗanda suka fito a bar su a ciki su bushe. Gwaiduwar da suka janye tana riƙe su har kwana 2 ba ci ba sha.

An ƙyanƙyashe kaɗan ne kawai. Ina matsalar take?

A jira zuwa rana ta 23, sannan a fasa ragowar a waje a duba, a kuma wanke hannu da sabulu bayan haka. Idan yawancinsu fes suke, matsalar zakara ce ko tsufan ƙwai. Idan sun mutu a makon farko, a tuhumi ajiya ko zafi. Idan tsakon ya cika halitta amma bai huda ba, a tuhumi laima ko ƙarancin iska. Fitowa tun rana ta 19 ko 20 alamar zafi ya yi yawa ce, kaiwa rana ta 22 ko 23 alamar ya yi kaɗan. A riƙa rubuta ranar zubawa da zafi da laima a ɗan littafi, domin da shi ake gyara zubi na biyu. Wanda ya samu 7 ko 8 daga kowane ƙwai 10 masu rai a ƙaramin inji, a wurina ya yi ƙoƙari. Bayan kowane zubi a wanke injin da ruwa mai ɗan bilic, a shanya shi ya bushe sarai.

Bayan sun fito, ina za a kai su?

A shirya musu wurin ɗumi tun rana ta 19: kwali ko akurki da aka shimfiɗa wa dusar katako ko ɓuntun shinkafa, da ƙwan lantarki ko kurfoti a gefe, zafin ya kai digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana rage kimanin digiri 3 kowane mako. Idan sun cure a jikin wuta sanyi suke ji, idan sun gudu bango suna haki zafi ya yi yawa. Mai amfani da gawayi ya bar wa hayaƙi hanyar fita. Ruwa ake fara ba su a mazubi marar zurfi, sannan abincin 'yan tsaki. A nemi likitan dabbobi ya tsara rigakafin cututtukan kaji na Newcastle da Gumboro, waɗanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, take cikin masu samar da su, kuma kada a haɗa 'yan tsakin da manyan kaji kafin su yi mako 6.