Sake gina motar gudu a Garwa: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mini

Shekaru da dama ke nan ina aikin inji a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma tun da samarinmu suka fara kallon motocin tsere a waya, da wuya mako ya wuce ba a tsaya a bakin garejina da tambayoyi iri ɗaya ba. Kowa yana son mota guda wadda zai je aiki da ita daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Lahadi kuma ya shiga fili ya gwada ƙarfinta. Yawancin motocin da ake kawo mini an riga an yi musu ƙare-ƙare a Turai ko a Duwala, sun yi gudu har sun gaji kafin su iso hannunmu. Na gaji da maimaita magana ɗaya hannuna cikin baƙin mai, don haka ga amsoshin a rubuce.

Daga ina zan fara?

Daga ƙarƙashin mota. A ɗaga ta, a duba shasi, a ga ko ya taɓa lanƙwashewa a hatsari ko tsatsa ta ci shi, domin motar da ta yi shekaru a Turai takan zo da ɓarnar gishirin da ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara. Idan shasi ya lalace, ka rabu da ita, kada ka kashe mata ko dala.

Zan iya fara yin fenti da sayen manyan tayoyi, in bar inji zuwa gaba?

A'a. Su ne na ƙarshe.

Idan na fasa salansa, mota za ta ƙara ƙarfi?

Ƙara ce za ta ƙaru, ƙarfi kuwa yana nan inda yake. Abin da za ka samu shi ne hana jarirai da marasa lafiya na unguwarku barci, kuma wannan haƙƙi ne a kanka.

Makanikena ya ce a cire tamostat saboda ƙasarmu tana da zafi. Daidai ne?

Ba daidai ba ne, kuma wannan ɗabi'a ta kashe injuna masu yawa a ƙasar nan. An ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Idan aka cire tamostat, wato abin da ke tsare ruwan inji har sai ya yi zafi, da safe a lokacin hunturu injin zai daɗe bai ɗumama ba, ƙwaƙwalwarsa, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, ta yi ta zuba mai fiye da kima, man ya wanke bangon silinda, ringi ya yi ta cinyewa. Idan motarka tana zafi, ciwon yana wani wuri: lagireto ya toshe da laka da tsatsa, ko fanka ba ta juyawa yadda ya kamata, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfin lagireto ya daina riƙe matsi. Wannan ɗan murfin da kuke rainawa, idan yana riƙe matsin da ya kai bar 1.1, shi ne ke hana ruwa tafasa sai ya kai kusan digiri 120. Kuma ku daina zuba ruwan rijiya. Motar da za ta shiga fili tana bukatar lagireto sabo ko wanda ya fi na asali girma, kafin a yi maganar ƙarin ƙarfin doki ko ɗaya.

Zan iya sa turbo a injin da bai zo da ita ba, da irin man da muke samu a nan?

Wannan ce tambayar da ba ta da gajeriyar amsa, kuma duk wanda ya ce maka e ko a'a kai tsaye bai taɓa buɗe injin da ya fashe ba. Ana iya sawa, an kuma sa wa wasu sun yi aiki, amma sharuɗɗan suna da yawa, kuma rabinsu ba a hannun makanike suke ba.

Ka fara fahimtar aikin turbo. Hayaƙin da ke fita daga inji ne yake juya ta, ita kuma ta tura ƙarin iska cikin silinda. Idan matsin ya kai bar 1, iskar da ke shiga ta kusa ninka biyu, sai a ƙara mai daidai da ita. Matsalar ita ce iskar da aka matsa tana yin zafi, kuma cakuɗar iska da mai idan zafi da matsi suka yi mata yawa, wani sashe nata yakan fashe da kansa tun harshen wutar fulogi bai iso gare shi ba. Wannan ce ƙwanƙwasar da ake kira cliquetis da Faransanci, za ka ji ta kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, kuma ita ce ke cinye fistin. Shi ya sa kamfanoni suke rage matsin injin da za su sa wa turbo. Dubi Toyota da injinta 2JZ mai lita 3 da silinda 6. Wanda ba shi da turbo matsinsa 10 ne bisa 1, amma ɗan'uwansa mai turbo biyu da aka sa wa Supra ta 1993 an sauke shi zuwa 8.5, aka kuma canza masa fistin. Mutanen da suka yi haka suna da fetur mai kyau da sanyin Japan, duk da haka suka rage.

Mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa da Njamena yana haura digiri 40, kuma da yawanmu fetur ɗin da ake kira zuwa-zuwa muke saye a kwalba a bakin hanya. Ba na cewa kowace kwalba gurɓatacciya ce, akwai mai kyau a ciki. Abin da nake cewa shi ne ba ka da hanyar sanin oktan ɗinsa, wato ƙarfinsa na jure matsi ba tare da ƙwanƙwasa ba, na yau daban, na gobe daban, wani ma an gauraya shi da kananzir, kananzir kuwa yana saukar da oktan ƙasa sosai. Tsohuwar Peugeot 504 za ta sha, ta yi tari, ta ci gaba da tafiya. Injin da aka matsa ba ya yafe irin wannan.

A bazarar da ta wuce an jawo mini wata BMW 325i ƙirar E36 da igiya. Mai ita yaro ne mai hankali, ya tara kuɗinsa aka sa masa turbo, amma ba a taɓa ƙwaƙwalwar injin ba, injekta masu fesa mai ma na asali aka bari. Da muka ɗaga kan injin, sai ga gefen fistin biyu na baya ya zaizaye kamar ɓera ya gaigaya, ringi ya karye gida uku, farin kan fulogi kuma duk ɗigo-ɗigon alminiyom. Ya ɗauki fistin ɗaya yana jujjuyawa a hannunsa, ya daɗe bai ce uffan ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin mota ce mai ƙarfin doki 192 tun daga kamfani, da an gyara mata birki da ƙafafu da ta ishe shi shekaru.

To idan duk da haka kana so, ga iyakar abin da zan iya amincewa da shi. A fara auna matsin kowace silinda, idan bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100 a sake gina injin tukuna. A kan fistin na asali kada matsin turbo ya wuce bar 0.4 ko 0.5, shi ma sai da lagireton sanyaya iska a gaban mota, da manyan injekta, da famfon mai da zai iya ciyar da su. Sannan, kuma wannan ne ginshiƙin, sai an sami wanda zai sake saita ƙwaƙwalwar injin da kwamfuta, yana duban na'urar auna cakuɗar iska da mai. A tafiyar yau da kullum ana son iska kashi 14.7 ga mai kashi 1, amma idan turbo ta buɗe sai an sauko wajen 12 ko ƙasa kaɗan, a kuma ja lokacin wuta baya. Ka zaɓi gidan mai guda da ka yarda da shi, ka daina shan na kwalba gaba ɗaya. Akwai kuma wani abu da mutane ba sa lura da shi. Ngaundere tana kan tudu, kusan mita 1,100, Garwa kuwa ba ta kai mita 300 ba. Injin da aka saita a sanyin Ngaundere a watan Disamba yana iya yin lafiya ƙalau a can, ya sauko kwarin Binuwai a watan Afrilu ya fara ƙwanƙwasa. A saita shi a wuri mafi zafi da zai yi aiki.

Ko da an cika duk waɗannan, ba zan ɗaukar maka alkawarin cewa injin zai daɗe kamar wanda ba a taɓa ba. Idan kuma ɗaya ya ɓace, musamman mai saitin, shawarata ita ce ka nemi injin da ya zo da turbo daga kamfani tare da wayoyinsa da ƙwaƙwalwarsa, ko ka haƙura.

Wane man birki zan zuba?

Na ji daɗi da aka tambaya, domin cikin mutum goma da ke zuwa neman gudu da ƙyar ɗaya yake tuna tsayawa. Sabon man birki ajin DOT 3 yana jure zafi har digiri 205, DOT 4 har 230, DOT 5.1 har 260. Amma man birki yana shan laima daga iska, kuma DOT 4 da ya tsufa yana iya tafasa a digiri 155. Idan ya tafasa, ƙafarka za ta tafi har ƙasa babu abin da zai kama. Direbobin da ke sauka gangaren dutsen da ake kira falaise daga Ngaundere sun san wannan tsoron, a fili kuwa zagaye kaɗan ne zai kai ka can. Ka zuba DOT 4 mai kyau ko 5.1 daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, ka canza shi kafin kowace ranar fili. Kada ka rikita 5.1 da DOT 5, wannan na silikon ne, ba ya gauraya da sauran.

In yanke sifirin don mota ta sauko ƙasa?

Kada ka kuskura. Ramin farko a hanyar Marwa zai fasa maka kaskon baƙin mai. Ka sayi shokozoba masu kyau, ka canza duk robobin ƙafafu da suka tsufa, ka bar tsayinta kusa da na asali.

Buɗaɗɗiyar filtar iska da ake gani a hotuna fa?

An yi ta ne don ƙasashen da ba su san hazon hunturu ba. Ka cire bututun iskar motar da ta yi hunturu ɗaya da irinta, ka shafa yatsa a ciki, za ka fito da jar ƙura mai laushi kamar gari. Wannan ƙurar ce ke goge silinda. Ka bar akwatin asali da filtar takarda, ka riƙa canza ta da wuri.

Tayoyin gwanjo za su yi?

Don gudu, a'a. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2016. Tayar da ta haura shekara shida ba ta da wurin zama a motar gudu, komai kyan zanenta.

In yi waldar kejin ƙarfe a cikin motar?

A nan ne mota ɗaya mai aiki biyu take da wahala. A fili keji yana ceton rai, domin kana sanye da hular kwano, an ɗaure ka a kujera. A cikin gari kuwa babu hula a kanka, ƙaramin karo zai iya haɗa kanka ko kan wanda ka ɗauko da ƙarfen. Idan iyali za su shiga motar, a bar cikakken keji. Bututun ruwa da mai waldar ƙofa ya lanƙwasa kuwa ba keji ba ne ko kaɗan.

A ina zan gwada ta? Da asuba hanya babu kowa.

Wa ya gaya maka babu kowa? Akwai masu babur marasa fitila, akwai makiyaya da shanu, akwai masu tafiya masallaci da yara 'yan makaranta. Ƙanena, ran mutum ba abin gwaji ba ne. Ku haɗa kanku, ku nemi fili, ku nemi izinin hukuma a rubuce, a rufe shi, a nisantar da 'yan kallo, a tanadi abin kashe gobara da motar da za ta kai mutum asibiti. Wanda na ji ya yi tsere a kan titi, kada ya sake kawo mini motarsa.

Idan na canza inji, takardu fa?

Carte grise, wato takardar rajistar mota, tana ɗauke da ƙarfin inji da irin man da yake sha. Ka je ka gyara ta, ka sanar da masu inshora, ka kai motar visite technique, wato binciken lafiyar mota.

An gama haɗa injin, amma yana ɗan hayaƙi kuma yana shan baƙin mai. Aikin ya lalace ne?

Kwantar da hankalinka, sabon ringi sai ya zauna da bangon silinda, kuma a kwanakin farko ɗan wannan ba abin tsoro ba ne. Ka ba shi kilomita 1,000 kana tafiya a hankali, kana sauya gudu, kada ka bar shi yana aiki a tsaye na tsawon lokaci, kada kuma ka take totur har ƙasa. Ka riƙa duba ruwa da baƙin mai kowace safiya kafin ka tayar. Idan fitilar mai ta kama, ko allurar zafi ta haura, ko ka ji bugu daga ƙasan injin, ka kashe shi nan take a inda kake. In ba haka ba, ka cika kilomitarka, a juye man, sannan ka kawo mini tsohuwar filtar in yanka ta in duba ko akwai garin ƙarfe a ciki kafin a sa ranar shiga fili.