Me ake nufi da ciwon sukari mai asali daga hanta?

Likitoci na amfani da wannan suna ga ciwon sukarin da ke bayyana bayan hanta ta ƙeƙashe, wato sirosis, inda tabo ya maye gurbin lafiyayyen nama. A ƙasar Hausa galibi ƙwayar hepataitis B ce ke kai hanta ga wannan hali. Kusan mutum ɗaya cikin uku masu sirosis yana da ciwon sukari.

Hanta ce rumbun sukarin jiki. Bayan an ci abinci takan kwashe rarar ta adana, da dare kuma ta riƙa sako shi kaɗan-kaɗan. Idan ta ƙeƙashe, rumbun ya zama ƙarami, jiki kuma ya daina jin insulin, sinadarin da ke saukar da sukarin jini, yadda ya kamata. Sai sukari ya yi tsalle bayan tuwo, ya faɗi da asuba. Shi ya sa awon safe kafin karyawa yakan nuna lafiya lau alhali ciwon na nan. Awon HbA1c ma, mai nuna matsakaicin sukarin jini na watanni biyu zuwa uku, yakan fito ƙasa da gaskiya, domin jajayen ƙwayoyin jini ba sa daɗewa idan saifa ta kumbura ko ana zubar jini, abin da kan faru ga mai sirosis. Awon da ya fi kama shi shi ne a sha giram 75 na gulukos, a auna sukarin jini bayan awa 2. Idan ya kai 11.1 mmol/L, ciwon ya tabbata.

Babban kuskure shi ne a ce wa irin wannan majiyyaci ya rage ci. Dare ɗaya ba abinci a wurinsa kamar yunwar kwana 2 zuwa 3 ce ga mai lafiya, jikinsa kuwa tsokarsa zai koma ci. Za ka ga damatsa sun zube, ciki ya yi tulu da ruwa, sikeli na nuna nauyi bai ragu ba.

Kullum yana bukatar kalori 35 da furotin giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa, bayan an cire nauyin ruwan ciki. Mai kilo 60 ke nan furotin giram 72 zuwa 90, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal, don haka sai an haɗa da wake, alale, nono da kifi. Ya riƙa ci kaɗan-kaɗan duk awa 3 zuwa 4, kafin kwanciya kuma ya samu abinci mai sitaci wajen giram 50, kamar kunun gero da nono ba sukari. Idan akwai ruwa a ciki, gishiri kada ya wuce kimanin giram 5 a yini, har da na dunƙulen magi. Azumi kuwa sai da shawarar likita.

Ƙwayoyin maganin sukari ma suna da haɗari. Glibenclamide na iya kayar da sukari ƙasa warwas, metformin kuma ba a ba wanda hantarsa ta gaza sosai. A nan insulin ake komawa, da ƙaramin awo. Idan majiyyaci ya rikice ko yana ta gyangyaɗi, a fara auna sukarinsa kafin a ɗora wa hanta laifi. Idan sukarin ya yi ƙasa da 3.9 mmol/L, in yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari nan take, a wuce asibiti.