Faifan birki: asalinsa da zaɓen girmansa a motar gudu

Faifan birki zagayayyen ƙarfe ne da ake ɗaurawa a bayan wili, yana juyawa tare da taya. Idan direba ya taka birki, man birki yana tura takalma biyu su matse faifan ta kowane gefe, sai gudun motar ya rikiɗe ya zama zafi. Galibi da ƙarfen zubi ake yin sa.

Tarihi

Ana danganta farkonsa ga injiniya ɗan Ingila Frederick Lanchester, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a Birmingham a 1902. Takalman da ya yi amfani da su na jan ƙarfe ne, suna ƙara mai cika kunne, kuma ƙurar hanyoyin wancan zamani tana cinye su nan da nan. Saboda haka kusan rabin ƙarni birkin ganga, wanda takalmansa ke matse cikin gangar ƙarfe mai juyawa da taya, shi ne ke ci a kasuwa. Jiragen sama na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu su suka raya fasahar, tunda suna bukatar birkin da zai sha zafi mai yawa cikin daƙiƙu kaɗan wajen sauka.

Wajen 1949 kamfanin Crosley na Amurka ya sa shi a ƙananan motocinsa, amma bai daɗe ba ya janye, an ce gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke sa shi tsatsa ya maƙale. Sunan faifan ya fito ne a 1953, lokacin da motar Jaguar C-Type mai faifan birkin kamfanin Dunlop ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, Tony Rolt da Duncan Hamilton na tuƙa ta. Direbobinta kan jinkirta taka birki har su zo bakin kwana, alhali masu birkin ganga tun daga nesa suke fara lallaɓawa don kada ya yi zafi ya daina kamawa. A 1955 motar Citroën DS ta fito da faifan birki a tayoyin gaba, Triumph TR3 ta biyo baya a 1956. Batun wacce ce ta farko a kasuwa har yanzu ana saɓani a kai.

Faifan kabon ya shiga tseren Formula 1 a shekarun 1970. Na kabon da yumɓu kuwa sai farkon shekarun 2000 ya iso motocin titi, ta hannun su Porsche.

Zaɓen girma

Faɗin faifai na ƙara ƙarfin riƙo, kamar yadda doguwar sifana ke kwance noti cikin sauƙi. Amma babban dalilin ƙara girma zafi ne. Motar da ta ninka gudunta, daga kilomita 100 zuwa 200 a awa, zafin da birki zai shanye ya ninka sau huɗu, kuma tayoyin gaba ne ke ɗaukar kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na aikin. Ƙaramin faifai yana iya tsayar da mota sau ɗaya daidai da babba, don iyakar tsayawa tana ga kamun taya da kwalta. Sai an taka sau biyar ko goma a jere bambancin ke fitowa.

Ƙananan motoci kan zo da faifai mai faɗin milimita 240 zuwa 280, motocin gudu kuma 330 zuwa 380. Lamborghini Urus na da 440 a gaba. Wili ne ke yanke hukunci: mai inci 17 yakan ɗauki kimanin 330, mai inci 18 kimanin 355, gwargwadon ƙirarsa. Babban faifai nauyi ne da ke hana taya bin ƙasa a hanya mai gargada. Wanda ya girmama na gaba kaɗai ya bar na baya kuma ya ɓata daidaiton birki, wani lokacin ma tazarar tsayawa ƙaruwa take yi.

Huda faifai: wasu na cewa yana sanyaya shi, wasu na cewa tsagewa yake jawowa.

A Kebbi da Zamfara

Tseren mota bai yi ƙarfi a yankin ba, in ban da gasar motoci da akan haɗa da bikin kamun kifi na Argungu. Masu gyara mota don gudu a Gusau ko Birnin Kebbi sukan ci karo da matsala ɗaya: babban faifai na neman babban wili, babban wili na neman siririyar taya, ita kuwa rami ɗaya a hanyar Jega ya ishe ta. Zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma na goge takalma. Shi ya sa ƙwararrun makanikai kan fara da man birki kafin su taɓa faifai. Ana rarraba man birki da lambar DOT: sabon DOT 3 na tafasa a digiri 205, DOT 4 a 230, DOT 5.1 a 260, kuma duk suna shan danshi su yi rauni idan sun tsufa. Da yawa daga cikin masu kukan "birki ya yi laushi" tsohon mai ne ya tafasa musu.

Faifan da aka sayo na hannu ana auna kaurinsa tukuna. Mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi yana nan a rubuce a gefensa ko a cibiyarsa.