Mene ne kamshaf ɗin ƙara gudu, kuma me yake yi wa inji?

Duk mai kallon bidiyon motocin Amurka ya taɓa jin wannan ƙarar: mota tana tsaye amma injinta yana "guf-guf-guf" kamar zai mutu, jikinta yana rawa, masu kallo kuma suna ta yabo. Idan ka tambaya sai a ce maka an sa mata kam, wato an cire kamshaf ɗin da ta fito da shi daga kamfani an saka wani na musamman don ƙara mata ƙarfi. Kalmar ta shigo bakin samari masu sha'awar mota, amma da yawa sun ɗauka wani ƙarfe ne da ake ɗaurawa kawai mota ta tashi sama. Maganar ta fi haka zurfi.

Inji numfashi yake yi. Tun 1876 da Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala injinsa mai bugu huɗu, tsarin bai canja ba: fistin ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi su ne bawul. Kamshaf kuwa shi ne maigadin waɗannan ƙofofi, dogon sandan ƙarfe mai ƙulle-ƙulle masu siffar ƙwai a jikinsa. Yana juyawa, tsinin kowane ƙwai ya danna bawul ya buɗe, idan ya wuce sifirin ya mayar da shi ya rufe. Taimin bel ko taimin cen ne yake haɗa shi da karanshaf, wato babban sandan da fistin ke juyawa, kuma duk juyi biyu na karanshaf shi juyi ɗaya yake yi. Dabarar ma ta girmi mota nesa ba kusa ba, domin malamin ƙere-ƙere Isma'il al-Jazari ya bayyana sanda mai irin waɗannan ƙulle-ƙulle a cikin na'urorinsa tun shekarar 1206.

To, kamshaf ɗin ƙara gudu shi ne wanda aka sake wa siffar ƙwayayen nan. Abu uku ake taɓawa. Na farko tsayin ɗagawa, wato nisan da bawul yake buɗewa. Na biyu tsawon buɗewa, wato yawan digirin da karanshaf zai juya bawul yana buɗe. Kamfanonin Amurka sukan auna shi daga lokacin da aka ɗaga inci 0.050, kusan milimita 1.27, don a iya kwatanta na wannan kamfani da na wancan. A injunansu na V8, wato masu silinda takwas, na kamfani yakan tsaya kusa da digiri 200, na ƙara gudu ya kai 220 zuwa 240, na filin tsere ya haura 250. Na uku shi ne haɗuwar buɗewa, ɗan lokacin da bawul na hayaƙi bai gama rufewa ba na iska kuma ya riga ya fara buɗewa.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya. A lokacin da inji yake juyi 6,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau 50 a daƙiƙa guda, saukar fistin kuma ba ta wuce kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa ba. A ɗan wannan ƙiftawar ido ake so silinda ta cika. Iska tana da nauyi, ba ta tashi da gudu nan take, idan kuma ta ɗauki gudu ba ta tsayawa nan take. Saboda haka idan aka bar bawul a buɗe ko bayan fistin ya fara komawa sama, iskar da ta riga ta ɗauko gudu za ta ci gaba da cusa kanta ciki. Hayaƙin da ke fita da ƙarfi shi ma yana janyo sabuwar iska a bayansa lokacin haɗuwar buɗewa. Iska ta ƙaru, fetur ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru.

Amma wannan duk a saman juyi ne. Idan inji yana sulo, a juyi 700 ko 800, iskar ba ta da wannan gudun. Fistin yana hawa bawul a buɗe, sai ya mayar da wani kaso na abin da ya zuƙo waje, hayaƙi kuma ya dawo ya gauraya da sabuwar iska. Wata silinda ta kama wuta sosai, wata ta kama rabi. Ƙarar nan ta "guf-guf" da ake yaba wa ke nan: injin ne yake fama da ƙonewar da ba ta daidaita ba. Ni ma tana yi mini daɗi a kunne, amma ya kamata a san asalinta.

Wannan shi ne abin da kalmar "ƙara gudu" take ɓoyewa. Kamshaf ba ya ƙirƙiro ƙarfi daga babu, yana ɗauke shi ne daga ƙasan juyi ya kai shi sama. Motar za ta yi kasala wajen tashi, ta ƙara shan mai a cikin gari, sai allurar juyin inji ta haura 4,000 sannan ta farka. Wanda rayuwar motarsa ta ƙare a cunkoson Kano ko hanyar Nyanya da safe, da wuya allurarsa ta kai wurin da zai ci ribar kuɗinsa.

Sana'ar ƙera irin wannan kamshaf ta bunƙasa ne a kudancin Kalifoniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda samari suke tsere a busassun tafkuna da tsofaffin injunan Ford. Ed Iskenderian, wanda ake kira Isky, yana cikin waɗanda suka yi suna wajen sake wa kamshaf siffa a Los Angeles. Daga baya aka sami Crane da Comp Cams a Amurka, Kent da Piper a Ingila. Fitowar ƙaramin V8 na Chevrolet a 1955 ta ba kasuwar ƙarfi sosai, domin sanda ɗaya ne tak a tsakiyar injin, ka canja shi ka canja halin motar gaba ɗaya. Lakabin da ake gani a jikin kwali na mataki na 1, na 2, na 3 kuwa ba shi da wani ma'auni da kowa ya yarda da shi. Kowane kamfani da nasa. Takardar lambobin da ke zuwa da sandan ita ce abin karantawa.

Wajen ɗaurawa ne ake asarar inji. Tsayin ɗagawa ya ƙaru, to tsohon sifirin yana iya matsewa har ƙarshensa, ko ya kasa mayar da bawul da sauri a saman juyi, don haka galibi tare ake canja su. Dole a auna tazarar da ke tsakanin bawul da kan fistin. Makanikai sukan ɗora laka ta musamman a kan fistin, su rufe tof silinda, su juya injin da hannu, su buɗe su auna kaurin inda bawul ya danna. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada ta gaza kusan milimita 2 a ɓangaren iska, 2.5 a ɓangaren hayaƙi. Idan suka haɗu a guje, bawul ya lanƙwashe, wani lokaci fistin ya fashe. Sannan ba a dogara da alamar taimin kaɗai, ana ɗaura faifan digiri a kan karanshaf a tabbatar bawul yana buɗewa daidai inda takarda ta ce.

Tsofaffin injuna masu tafet mai shafaffen ƙasa, wato ɗan ƙarfen da ƙwan kamshaf ke gogawa kafin motsin ya kai ga bawul, suna da wani sharaɗi na daban. Sabon kamshaf sai da sabbin tafet, a shafe su da man haɗi, a zuba baƙin mai mai sinadarin zinki, kuma da an tayar da injin a riƙe shi a juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20 ko 30 ba tare da barinsa ya yi sulo ba. Wanda ya yi sakaci a nan, ƙwayayen sukan cinye cikin 'yan kwanaki, garin ƙarfen kuma ya bi mai ya zagaye injin.

Akwai wasu abubuwa biyu da ake mantawa. Yawan haɗuwar buɗewa yana rage zuƙar da inji ke yi a sulo, kuma da wannan zuƙar ce tukunyar taimakon birki take aiki, sai ka ji birki ya yi tauri a ƙafa. Motar zamani kuma kwamfutarta tana lissafin fetur ne bisa tsohon kamshaf, sai an sake mata lissafi, in ba haka ba ta riƙa mutuwa a danja.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masu ƙera mota suka warware wannan ciniki da kansu. A 1989 Honda ta fito da tsarin VTEC a motar Integra: ƙwai iri biyu a sanda ɗaya, ƙarami don tafiyar gari, babba don saman juyi. Idan juyi ya kai inda aka tsara, matsin baƙin mai ya tura wani ɗan ƙarfe ya kulle hannuwan da ke danna bawul, babban ƙwan ya karɓi aiki. Toyota kuma da nata tsarin VVT-i tana murɗa sandan gaba ko baya yana cikin juyawa. Accord da Corolla da suka cika titunanmu yawancinsu da rubutun VTEC ko VVT-i a kan murfin injinsu. Tsarin kuwa kacokan da baƙin mai yake aiki, ta wasu ƙananan ramuka da 'yar raga mai saurin toshewa. Motar da aka bar mai ya yi kauri a cikinta, ko aka zuba mata na jabu, ramukan nan ne suke fara cikewa da datti, sai mai ita ya je gareji yana cewa motarsa ta daina ja a kan hanyar Zariya.