Uwar da ke jinyar jariri, ita wa yake jinyarta?

Watan jiya na yi kwana tara ina taya ƙanwata jinya a wani asibiti nan Gombe, shawara ce ta kama jaririnta kwana uku da haihuwa, aka sa shi ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗin haske an rufe mishi ido. Yaro ya warke alhamdulillah, amma uwar ce ta tsaya min a rai. Ga tambayoyin da muka yi ta yi a barandar asibitin.

Ai jariri ne ba lafiya, me ya kawo maganar uwa?

Toh kowa ya shigo "ya mai jiki" zai ce, ya leƙa yaro, ya ajiye kular abinci ya tafi, babu mai cewa ke fa ya kike. Alhali mace ce ɗanyar jego, ɗinki bai warke ba, duk bayan awa biyu ko uku sai ta tashi ta tatsi nono a kofi, barcin ma a kan tabarma ne gefen bango. Wani dare na farka wajen ƙarfe uku na same ta tsaye jikin taga tana kallon cikinshi ko yana motsi. Kuma ɗan fari ne, ga kunya irin tamu, gaban surukarta ko sunanshi ba ta iya faɗi balle ta yi kuka, sai dai ta shige bayi ta kunna famfo ta yi abinta ta wanke fuska ta fito. Wallahi wannan shi ya fi min ciwo.

Ko ni na jawo mishi?

Kusan duk uwar da na zauna da ita sai da ta faɗi haka. Shawarar jarirai dai yawanci daga hanta ce da ba ta gama ƙwari ba a satin farko, ba wani abinci da kika ci ba ne. Masu cewa "da kin kawo shi da wuri" dan Allah ku bari, ta riga ta faɗa wa kanta sau ɗari.

Da gaske damuwa tana lalata nono?

Ba ya lalacewa. Tsoro da gajiya suna iya hana shi zubowa da sauri na ɗan lokaci, shi kenan. Ki ci gaba da ba shi ko tatsa, ki ci abinci ki sha ruwa, yawan cirewa shi ke ƙara kawo shi.

Yaushe za a ce abin ya wuce gajiyar jinya?

Yawan kuka da saurin fushi a kwanakin farko na jego ba baƙon abu ba ne, yakan wuce cikin sati 2. Amma in ya zarce haka, ba ta barci ko da yaro ya yi barci, abinci ba ya shiga, tana cewa ita ba ta da amfani ko ba ta son ɗaukar yaron, to ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma ana maganinshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana shiga irin wannan halin bayan haihuwa. Ba rashin tawakkali ba ne, a yi addu'a kuma a faɗa wa nas ko likitan da ke duba yaron. In ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, ranar za a kai ta, kar a bar ta ita kaɗai.

Baban yaro fa?

Shi ma yana ciki, nashi dai a waje yake yi, tsakanin famasi da lab da bugun waya neman rance. Mijin ƙanwata na gan shi zaune kan mashin ɗinshi a bakin get ya haɗa kai da gwiwa, da ya gan ni sai ya miƙe ya ce ba komai Yaya.

Mu 'yan dubiya me za mu yi?

Ki karɓi zaman na awa uku ki ce je ki kwanta, in nas ta kira zan tashe ki. Ki kwashe wanki, ki ɗauki manyan yaran zuwa gidanki. Labarin ɗan wance da ya rasu da irin ciwon nan kuma ki bar shi a gida. Ranar da na tilasta wa ƙanwata ta kwanta, daga azahar sai da aka kira magariba ta farka, tana buɗe ido ta ce ya sha nono?